Bayan Tabo

A Göttingen, ɗakin ƙarƙashin ƙasa,
ruwa na bin farantin ƙarfe cikin kwatamin gilashi,
shimfiɗa bisa shimfiɗa:
na ƙasa ya manne, na sama na sauri,
ba mai taka wani.

Wiebke ta ɗiga shuɗin tawada.
Zare ya miƙe, siriri.

Sai ta danna maɓalli.
Ɗan tsartuwa daga ramin da bai kai ƙwayar riɗi ba,
shi ke nan.

Tabo ya tsiro.
Kan kibiya ne, tsininsa na duban gaba,
cikinsa ƙananan guguwa na cin juna.
Goshinsa ya fi wutsiyarsa gudu,
shi ya sa yake girma:
ba ƙiba ba ce, rabuwa ce.
Zaren da ke gefe, ba ruwansa,
ya soma karkarwa, ya faɗa ciki.

Eckhard, shekara talatin yana gyaran famfon nan,
bai ko kalli rikicin ba.
"Dubi bayansa," in ji shi.

Inda tabon ya wuce
ruwa ya kwanta luf,
ya fi na farko natsuwa.
Ko an tsokane shi ba ya tashi.
Na ɗan lokaci.

Ta tuna gidansu a Emden,
daren da babanta ya buga ƙofa ya fita da akwati,
yadda uwarta ta wanke kofuna
ɗaya bayan ɗaya, ba ƙara.

Can gaba tabo ya riski tabo,
farantin duk ya yamutse.
Ta rubuta lamba.
Ta sake cika sirinji.