Abin da Tef Bai Gani Ba

Shekara ashirin da shida ina awon ƙirjin mata
a shagona na Aboabo, kusa da mai koko.
Talatin da takwas. Arba'in da biyu.
Nakan gane wadda ta yaye, da wadda ta ɗauka
tun ba ta faɗa wa mijinta ba.
Har taƙama nake: ba a yi wa tef ɗina ɓoyo.

Sai ga Memunatu wata Laraba
da rigar da na ɗinka mata ta sunan jikanta.
Ta ce, "Azumi, rage min hagu."
Na zagaya tef,
hannuna ya faɗa fili.

Awonta na bara yana nan cikin littafina da jan biro.
Ashe tun lokacin baƙuwar tana ciki,
ba sallama, ba zafi, ba kumburi.
Sankara ba ta buga ƙofa.
"Da na je hoton nan da wuri," in ji ta,
sai ta yi shiru, ta kama tsintar zare a zaninta.

Washegari ban buɗe shago ba.
Na hau torotoro zuwa Komfo Anokye,
ni da ke cewa mata su ɗaga hannu
yau aka ce min ɗaga naki.
Wata nas, Adwoa, Hausarta guntu-guntu,
ta ce, "Maame, riƙe numfashi."
Faranti biyu masu sanyi suka matse ni.
Da zafi, ba zan yi ƙarya ba,
amma bai kai ranar da allurar keke
ta shige min farce ba.
Kafin in gama salati an sake ni.

Kwana tara ina ɗinki a karkace.
Sannan takarda ta ce babu komai,
ta kuma ce a dawo.
Na rubuta ranar tsakanin kayan Sallah biyu,
inda ba zan iya cewa ban gani ba.

Yanzu in na auna wadda ta haura arba'in
nakan tambaya, fil a bakina:
"Na waje ke nan. Na cikin fa, yaushe rabonki?"
Wasu su yi dariya. Wata ta ɗauke ɗinkinta.
Biyu sun je.

Rigar Memunatu ban rage ta ba.
Na yi mata aljihu ta ciki, na cusa auduga,
na ƙi karɓar ko sidi ɗaya.
Ta sa ta ranar Juma'a. Ta zauna mata daidai.