Maƙiyina a Bangon Falo

Da muka gama fentin falo a Ƙofar Sauri,
bango ya fito fes, kamar kindirmo a ƙwarya,
Lantana ta tsaya, hannu a ƙugu,
ta ce, "Malam, bangon nan tsirara yake."
Na ce a maido kalandar bankin nan ta bara.
Ta dube ni, ta dubi kalandar.
Ni da kaina na naɗe ta.

Sharaɗina ɗaya ne: ban da mai rai.
Ba zaki, ba ɗawisu, ba barewa a bakin rafi,
kada mala'ikun rahama su tsaya a soro.
Ta ce, "To, furanni." Na ce, "Na yarda."

Ranar Asabar muka shiga Babbar Kasuwa,
shagon Ilu mai firam, can bayan 'yan labule.
Ya dinga jero su yana gogewa da hannun riga:
"Wannan daga Dubai, wannan daga Sin,
wannan irinsa ne a falon wani ɗan kwangila."
Jajayen wardi, manya kamar kan kabeji,
wasu farare, cikin tulun da bai taɓa ganin rijiya ba,
wasu rawaya, sun saki baki suna kallon rana.
Na duba, ban shaida ko ɗaya ba.
Shekara talatin da biyar ina malamin gona,
daga Batagarawa har Kaita babu ganyen da ban murza ba,
yau ga ni baƙo a gaban takarda.

Na ce, "Ilu, ba ka da furen kuɓewa?
Ko na auduga, mai wayar gari ruwan ƙwai,
ya kwana ya tashi ja?
Ko bado, irin na kududdufin garinmu?"
Ya yi dariya har hularsa ta zame.
"Baba, wa zai sayi miya ya rataya a bango?"

Lantana na can ƙuryar shago tana tono.
Ta zaro wani ɗan ƙarami, gilashinsa ya tsage a gefe.
Aikin hannu ne, wani ɗalibi ya bar shi jingina,
bai dawo ba.
Siririn kara, furanni shunayya sun hau shi bi da bi.
Ta ce, "Wannan."

Gabana ya faɗi.
Ƙuduji!
Wuta-wuta, mai tsotse gero tun daga saiwa,
wanda ya sa Mati na Tsagero ya sayar da jakinsa,
wanda na bi ƙauye-ƙauye a kan babur ina roƙo
a tuge shi, a ƙone shi, tun bai zuba iri ba.
Na ce, "Kin san ko wane ne wannan?"
Ta ce, "Na san ya shiga da labulena."

Na yi bayani, har da alƙaluma.
Ilu ya rage ɗari biyar saboda tsagar,
ta sa ya ƙara rage ɗari biyar saboda wa'azina.

Yanzu yana rataye tsakanin taga da agogo,
ya ɗan karkace, don ni na buga ƙusar.
Mata in sun zo sai su ce, "Kai, Hajiya, a ina?"
Tsofaffin abokan aikina kuwa su kalle shi, su kalle ni,
su kurɓi zoɓonsu, su tambayi lafiyar yara.

Jiya bayan la'asar, ba wuta, ba kowa,
hasken taga ya faɗo a kansa.
Na sa tabarau, na matsa kusa.
Yaron nan ya zana har gashin da ke jikin ganye,
har leɓen furen mai rabuwa uku.
Sau dubu nawa na damƙe shi a tafin hannu?
Kullum saiwar nake nema,
ban taɓa duban fuskarsa ba.

Ban yafe masa ba. Jakin Mati bai dawo ba.
Na dai miƙa hannu na daidaita firam ɗin,
na koma kujera kafin Lantana ta shigo.