Littafin Ƙungiyar Teloli, Lima

Littafin nan ya riga ni tsufa,
bangonsa ya sha man keke da gumin hannu.
A shafin farko sunaye goma sha ɗaya,
mu da muka gangaro daga tsaunukan Puno
da bargo ɗaya da almakashi.

Teodosia Huallpa, ta biya.
Fortunato Ccori, bai biya ba, matarsa ta haihu.
Haka muka rubuta, ko wasali ba mu ƙara ba.

Duk Asabar tsaba na faɗawa gwangwanin madara
har muka sayi injin huda maɓalli,
guda ɗaya tal, ana bin sa layi kamar famfo.
Ran da hukuma ta kwashe mana tebura a bakin titi
tare muka je, riƙe da takarda mai hatimi,
hatimin da Fortunato ya sassaƙa da dunduniyar takalmi.

Yau Gamarra ta yi benaye,
gumakan roba na tsaye cikin gilashi
sanye da yayin da za a manta kafin hazon Yuli ya sauka.
Jikata Yesenia na ɗaukar riga hoto da waya,
kafin in zura zare a allura an saye ta a Arequipa.
Ta ce, Kaka, wa ke biyan kuɗin ƙungiya yanzu?

Na lashi yatsa, na juya shafi.
Cikin sha ɗayan nan saura mu biyu,
Fortunato kuwa
har gobe ana bin sa na watan Maris.