Mai Koren Jirgi

Kwana biyu bayan Sallah suke isowa Yawuri,
motoci masu lambar Birnin Kebbi, da Sakkwato,
ɗaya har daga Kaduna.
Su fito suna miƙa, gwiwa na ƙara,
yara su sheƙa bakin Kwara da sabon takalmi,
uwa na bin su da kira: kar ku matsa, kar ku taɓa!

Ni ne mai koren jirgin nan.
Manu sunana, amma yau Direba nake,
gobe Baba mai jirgi,
wani ma har mu rabu bai tambaya ba.
Rigar ruwa shida gare ni, su goma sha ɗaya,
sai in ba yara, in ba wanda ya fi riƙe katako.

Wani mai baƙin tabarau ya zauna kusa da inji,
ya shaƙi iska har hularsa ta karkace.
Ya ce, "Kai dai ka more, Baba.
Abin da muke kashe mai mu gani yini guda
kai ƙofa kawai kake buɗewa."
Na ce haka ne.
Na rage wuta, don daidai nan muna bisa garinmu:
rijiyar kakata, da tsamiyar da aka ɗaura auren ubana,
suna can ƙasa, gaba nawa ban sani ba,
tun shekarar da aka datse ruwa a Kainji.
Ban gaya masa ba.
Kuɗin iska ya biya, bai biya na labari ba.

A gaɓa Tumba na banda tun asuba,
idonta ja kamar gauta,
hayaƙi ya cinye mata zaren allura.
Su ɗaga tarwaɗa, su shinshina, su ce wallahi ta fi ta birni,
sannan su taya rabin kuɗi.
Wata ta ce ta tsaya haka, kar ta motsa,
hayaƙin ya yi kyau a waya.

Ku dawo watan takwas mana.
Ku zo ran da Kwara ke shiga ɗaki ba sallama,
ta ɗaga tabarma, ta leƙa tukunya,
ta ja layi a bangona daidai ƙirji.
Awaki a jirgi, mu a ajin firamare,
sauro na karanta mana darasi har gari ya waye.
Ba mai ɗaukar hoto ran nan,
sai masu rubuta suna, su tafi da sunan.

Gado, ɗana na biyu, yana Ikko yana dako.
Ya turo hoto a wayar ƙanwarsa:
teku ne, ya ce, ba a ganin ƙetare,
ba a sha, ba a alwala sai baki ya yi ɗaci,
kuma sai an biya a ƙofa kafin a taka yashi.
Ga shi tsaye, hannu a aljihu, yana dariya
irin dariyar mai baƙin tabarau.
Can bayansa akwai wani tsoho da koma a kafaɗa.
Na san bai tambayi sunansa ba.

La'asar sakaliya motoci suka juya.
Na tsince ledojin ruwa, da kwalaben lemo,
da takalmin yarinya ƙafa ɗaya, mai fure,
na rataye shi a ƙusa ko baɗi za su dawo.
Na ƙirga kuɗi: mai ya ci rabi,
bashin Kakale mai gyaran inji ya ci rabin rabi.

Sai na zauna a bakin jirgi.
Rana ta faɗa bayan gungu,
ruwan ya koma kamar man ja a sabuwar tasa,
belbela na wucewa ƙasa-ƙasa, biyu, uku, sai ɗaya a baya.
Tumba ta ce me kake kallo?
Na ce ba komai.
Ta goge ido da bakin zane,
ta ce matsa,
ta zauna.