Lissafin Bayan Ƙyaure

A bayan ƙyauren ɗakinsa, nan Daura,
Baba ke lissafi da gawayi.
A sama: rajistar Lauratu, dubu ɗari da tamanin.
A ƙasa: duk abin da ya fita gidan nan bai dawo ba.

Ragon layya ya tafi Mai'aduwa tun bai yi ƙiba ba,
ya dawo a aljihun Baba, ya ƙanƙance.
Inna ta roƙi kwasar farko a adashe,
wata tara ke nan tana zubi da kuɗin daddawa,
ko ta wanke hannu, kalwa ake ji.
Geron da aka ce na bazara ne
a gabanmu aka aune shi, tiya bayan tiya.

Kawu Haladu ya turo dubu biyar daga Legas
da nasiha ta minti bakwai.

Ni babur ɗin wani nake ja.
In na cire na mai shi, na cire na mai,
ragowar na tura a gwangwanin madara
da Inna ta fasa wa baki da wuƙa.

Jiya ta kira daga Dutsin-Ma, murya ƙasa-ƙasa,
wai an ƙara kuɗin ɗaki.
Baba ya ce, "Wannan ne ya dame ki? Yi karatunki."
Har da dariya.

Da asuba na leƙa.
Ƙyauren ya cika, gawayi ya tsallaka bango.
Ya rubuta: keken ɗinki.
Bai sa kuɗi ba tukuna.