Awon Albarushi

Bayan lisha, in Garin Malam ta lafa,
Baba yakan ce, "Zuwaira, kashe fanka."
Sai in kashe.
Iska ba ta da ladabi a ɗakin awo,
numfashi ma sai an kau da kai.

Ya shimfiɗa farin ƙyalle bisa tabarma,
ya zazzage gwangwanin madara:
kwanso goma sha ɗaya, ƙanana,
ba wanda ya kai ɗan yatsana,
kowanne da zanen ƙusa a gindinsa.
Zane ɗaya, tafiya ɗaya lambu.
Akwai mai zane shida.
Shi yake fara shafawa, kamar kan jika.

Sikelin na wani maƙerin zinariya ne a Birni
da ya rasu da kuɗin albasar Baba a wuyansa.
Magada suka ce, ɗauki wannan, ka yafe.
A da shi ke awo, ni ke riƙon tocila.
Bana yana ta sauko masa a idon hagu,
hannu ya soma rawar da ba kiɗa,
muka yi musaya ba tare da an faɗa ba.

Ba ashana a nan, ba fitilar ƙwai.
Inna ma da kaskon turarenta
daga bakin ƙofa take sallama.

Albarushin kamar irin alayyaho,
ina sauke shi ƙwaya-ƙwaya
har allura ta bar gardama.
"In ya gaza, ya gaji a hanya," in ji Baba,
"in ya ɗara, ya dawo miki a fuska.
Abin da ya fi ƙarfin ido, a bar wa ma'auni."

Dasa dalma kuwa bai sakar mini ba.
Yatsunsa sun san zurfin
yadda suka san zurfin dashen albasa,
ba sa neman haske.

Duk wannan hidima don kurege.
Don gafiya mai haƙa ƙarƙashin gyaɗa
a lambunmu na hanyar Mirya,
ta bar ganye tsaye, kore shar, ciki fayau.
Maƙwabta sun ce a zuba guba a huta.
Baba ya ce guba ba ta tambayar suna:
bara ta kwashe zabin Ɗan Jimo goma sha biyu,
ta haɗa da karen da ba ya cin gyaɗa.
Shi dai harsashi ɗaya, ɓarawo ɗaya,
sauran halitta su wuce abinsu.

Daren jiya na ɗaga mai zane shida,
haske ya faɗa wuyansa,
na ga tsaga, siririya kamar gashin gira.
Na yi shiru.
Na ƙara juya shi, ko idona ne.

"Me ya tsai da ke?"
Na miƙa masa.
Ya bi bakin da farce, sau ɗaya, sau biyu,
farcen ya tsaya inda na tsaya.
Tocila ta karkata, ta haska bango,
ta daɗe tana haska bango.

"Ya yi aikinsa," ya ce.
Bai mai da shi gwangwani ba,
aljihun gaba ya sa shi, wajen goro.

Da asuba na goya shi a babur,
muka wuce duwatsun nan masu kama da giwaye a kwance,
bindiga naɗe cikin buhu tsakaninmu.
Ya zauna gindin giginya, ni ina nuna masa da leɓe:
ga shi can, kan kunya ta uku,
ya miƙe tsaye, yana cin rabonmu da hannu biyu.

Baba ya ɗaga, ya daɗe, ya sauke.
Ya laluba aljihu,
ya kai tsagaggen kwanson bakinsa, ya hura.
Wani ɗan fito ya fita, siriri, mai kaifi.
Kurege ya bar gyaɗa, ya bar ƙura.

Goma muka je da su, goma muka dawo.
A hanya yana bayana yana dariya,
yana cewa gobe ni zan riƙe,
shi zai nuna da leɓe.