Askin Juma'a a Gulma

Tun da Nomau wanzami ya kwanta dama
zabirarsa ke rataye a ƙusa, bakinta ɗaure.
Gemun babana bai ji labarin rasuwar ba,
sai tsiro yake, fari fat,
kamar gishirin da ya zube a fako.

Hannun da ya ja taru shekara hamsin a gulbi
yau ko ludayi sai ya yi masa rawa.
Na taho daga Birnin Kebbi da sabuwar reza a takardarta,
na ce, Baba, Juma'a ce, bari in gyara maka fuska.

Ya dube ni. Ya dubi wuyana.
"Kai da kab bar wuyanka kamar bayan kwaɗo,
kai za ka taɓa nau?"
Amma ya zauna.
Ya jingina da bangon zaure, ya miƙo haɓa.

"Ruwa tukuna. Ba mai ƙuna ba,
irin na wankan jinjiri."
Na jiƙa tsumma, na lulluɓe kuncinsa,
muka zauna muna kallon tururi.
Daga ƙarƙashin tsumma muryarsa ta fito:
"Gashi busasshen kifi ne.
In ba a jiƙa shi ba, haƙori ka shan wuya."

Sabulun salo ya yi kumfa a tafina.
Sai yau na san tsagen fuskarsa da yatsa,
layi bayan layi, kamar kunyoyin gona,
aikin kakan Nomau ne, tun yana ɗan kwana bakwai.
Gashi na ɓuya a kwarinsu
kamar tarwaɗa a laka.

"Ja fata da yatsa biyu.
Kwantar da aska, ba faskare kaka yi ba.
Dubi inda gashi ya kwanta, ka bi shi can.
Wanda yab bi ruwa shi ka isa gida da sauran ƙarfi."
Na ja, na ɗauraye, na ja, na ɗauraye.
Na koma inda na wuce, ya riƙe gwiwata:
"Fuska ba gona ba ce, ba a yi mata maimai."

Sai maƙogwaro.
Ya ɗaga kai, ya rufe ido.
Wata jijiya tana harbawa ƙarƙashin babban yatsana.
Mutumin da ban taɓa kallon ƙwayar idonsa ba
tun ina rarrafe,
ga shi ya ba ni wuyansa
kamar mai ba da ajiyar goro.
Numfashina na riƙe. Nasa yana tafiya daidai.

A gindin kunne hannuna ya zame.
Ɗigon jini, bai kai ƙwayar gero ba.
Na ɗora alif, ya yamutsa fuska, sannan ya yi dariya.
"Nan Nomau yay yanke ni ranar sunanka.
Ni nike ta motsi, murna ta hana ni zama."
Ban taɓa jin ya yi murna da ni ba.
Na sunkuya ina wanke reza, na daɗe ina wankewa.

Ruwan randa mai sanyi.
Man kaɗanya, gwargwadon ƙwayar gyaɗa.
Na ɗauko turare, ya kaɗa kai:
"Wanga na riga ne. Kan sabon aski wuta ne.
Rezar kuma binne ta nesa da ƙafar yara.
Reza ɗaya, fuska ɗaya."

Bai nemi madubi ba.
Ya shafa kunci da tafi, daga kunne zuwa haɓa,
kamar mai duba jirgi ko akwai tsaga.
Bai ce da kyau ba. Bai ce komai ba.

Sai ya lakato sauran man da yatsa,
yatsan yana rawa, yana ɓata hanya,
har ya sauka a kan ƙurajen wuyana.
"Bar shi ya huta sati biyu.
In ka dawo, ka zo da reza biyu."

Ladan ya yi gyaran murya a lasifika.
Na miƙa masa sandarsa.
Muka fita, yana gaba,
rana tana zamewa a kuncinsa.